Littafin Ruwa

Shekara ashirin da bakwai babana na awon ruwan sama
da mazurarin tagulla da kwalba mai zane-zane,
can bayan ofishin gona, hanyar Dundaye.
Da yana ta rufe mai ido
sai littafin ya dawo hannuna.
Ni ke karanta lamba yanzu,
shi ke sauraren gabas.

Daren Laraba, an taso daga isha'i,
iska ta ɗauke cak, ko ganyen dogonyaro bai motsi.
Ya ce, Luba, shigo da shanya.
Na ce, rediyo ta ce sai jibi.
Ya ce, rediyo ba ta da gwiwa irin tawa.

Walƙiyar farko ta keto daga wajen Raba.
Ya sa ni ƙirga. Na kai goma sha ɗaya kafin cida.
Ta biyu, bakwai.
Ta uku ban ko buɗe baki ba
aradu ta faɗi, ta tafi da wutar unguwa.

Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Kwanon rufi ya hana mu jin juna,
indararo ya gaji da tsiyaya ya koma amai.
Na kunna fitilar waya, na rubuta:
tara da kwata, ya sauko.

Goma saura, Haliru mai shago ya kira daga Mabera,
wai kwata ta cika da leda, ta maido wa kowa kayansa,
buhun sukari huɗu sun zama labari.
Na rubuta: ƙwauri.
Goma da rabi, Inna Kulu daga Gidan Igwai,
ba sallama, ba gaisuwa,
katangarmu ta zauna, mu dai muna tsaye.
Na rubuta: gwiwa.
Sha ɗaya, Jelani a bakin gada yana ihu cikin iska,
Rima ta haye sanda ta huɗu,
ga akuyar wani tana wucewa kan ƙyauren wani.
Wannan ban san gidan da zan sa shi ba,
littafin ba shi da layin akuya.

Baba ya ce, duba zaure.
Na duba. Baƙon ya shigo ba sallama,
ja ne, launin ƙasar masu tukwane,
yana lallaɓa takalmanmu ɗaya bayan ɗaya
yana fita da su waje.
Na ɗora hatsi kan gado, na ɗora baba kan hatsi,
yana dariya yana salati,
wai yau shi ne sarkin rumbu.

Mun roƙi wannan ruwa, fa.
Mako uku da sunka wuce muna filin idi,
maza sun juya riguna, yara na kuka da ƙishi.
Wa ke gaya wa sama, ya isa haka nan?
Wa ya san bakin da ake faɗin na gode
da kuma a sassauta, cikin numfashi guda?

Sai kusan assalatu ya tsagaita.
Kwaɗi sunka karɓi gari.
Ladan ya kira salla da murya tasa, ba lasifika,
har muna jin tarinsa.

Da hantsi na taka laka zuwa bayan ofis.
Kwalba ta cika, ta zubar, ta sake cika.
Ba lambar da zan karanta.
Na rubuta: ya zarce awo.

Na dawo na iske baba yana lalube bangon zaure,
yana neman ƙusar da ya kafa
shekarar da anka haife ni,
inda ruwan wancan lokaci ya tsaya.
Ya same ta. Ya hau da yatsu bisa danshi,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sannan bango ya bushe.

Ya daɗe tafinsa na nan wurin.
Waje mata na shanya katifu kan abin da ya rage na katanga,
wani yaro na cigiyar takalmi ƙafa guda.

Ya ce, Luba, gwiwar nan ba ta sake ni ba tukuna.
Samo wata ƙusa.
Kuma kar ki mai da guduma nesa.